Bagaruwa da Khadira: Tarihin Maganin Ɓauri Daga Indiya Zuwa Ƙasar Bande

Garin Bande yana kan kwaltar da ta taso daga Zinder ta nufi Magarya, a inda jigawa ke gangarawa cikin kwarin Ƙorama. A jigawar gero ake nomawa da wake da gyaɗa, a fadamar kuma rake da rogo da kayan lambu, domin ruwa a kusa yake. Ƙasar Dungas, da ke gabas, tana cikin gundumar Magarya har zuwa 2011, lokacin da aka yanke ta aka ba ta tata gundumar. Wanda ya ratsa wannan yanki da rani zai ga itatuwan ƙaya iri-iri: gawo a tsakiyar gonaki, bagaruwa a bakin tafki da gefen burtali, farar ƙaya da dakwara nan da can. Kowanne da aikinsa, amma in ana maganar magani, bagaruwa ce kan gaba. Tana da ƴan'uwa a Indiya waɗanda suka shahara da wannan aiki tun fiye da shekara dubu biyu, kuma in aka jera tarihin biyu kusa da juna, za a ga ilimi guda ne ya bi hanyoyi biyu. A can an rubuta shi, an auna, an mai da shi haja. A nan ya zauna a hannun majemi da wanzami da ungozoma, rayuwarsa kuma ta rataya a kan tambaya guda: itacen da ke tsaye a gona, na wane ne?

Khadira a littattafan Indiya

Itacen da masana tsirrai suka sa wa suna Acacia catechu, Indiyawa khadira suke ce masa a harshen Sanskrit, khair kuma a Hindi. Ba ya girma sosai, ƙayarsa gajera ce mai lanƙwasa, kuma yana son busassun dazuzzuka da bakin kogunan da ke gindin tsaunukan Himalaya, har zuwa ƙasar Bama. Sunansa ya fito tun a Rigveda, mafi tsufan littattafan addinin Hindu. Saboda taurinsa, da shi ake sassaƙa turken da ake ɗaure dabbar hadaya da ludayin zuba mai a wutar ibada.

Likitancin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, ya kasa ɗanɗano gida shida: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da ɓauri. Khadira ya faɗa cikin ɗaci da ɓauri, an kuma lissafa shi cikin masu sanyaya jiki. Littafin Charaka, wanda aka harhaɗa kusan shekara dubu biyu da suka wuce, ya sa shi a sahun farko na magungunan cututtukan fata, tun daga ƙaiƙayi da ƙuraje har zuwa kuturta. Littafin Sushruta, mai magana a kan fiɗa da jinyar rauni, da ya zo kan asuwaki sai ya zaɓi darbejiya a cikin masu ɗaci, ya zaɓi khadira a cikin masu ɓauri. Daga baya, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, littafin Sharngadhara ya kawo yadda ake haɗa khadirarishta: a dafa jan itacen da ke tsakiyar gungumen tare da wasu saiwoyi da sassaƙe, a tace, a zuba zuma da sukari da wani fure, a rufe a tulu har wata guda ya tsimu. Tsimi ne da kan yi ɗan barasa, ana kuma ba da shi ga mai ciwon fata. Akwai kuma ƴan ƙwayoyin khadiradi, waɗanda ake tsotsa saboda ciwon baki da dasashi da dishewar murya. Har gobe ana sayar da duka biyun a shagunan magani na Indiya.

Abin da ya fi kai sunan itacen nesa shi ne katha. Da sanyi ake sare itacen da ya ƙosa, a fere ɓawon da farin itacen da ke bayansa, a bar jan tsakiyar. Shi ake daddatsawa ƙanana, a zuba a tukwanen ƙasa da aka jera a kan dogon murhu, a yi ta dafawa har ruwan ya yi ja. Sai a juye shi a wata tukunyar a ci gaba da ƙonewa har ya yi kauri, a ajiye shi kwanaki a wuri mai sanyi. Abin da ya daskare a tace shi, a shimfiɗa, a yayyanka, a shanya a inuwa: wannan shi ne katha, mai launin ƙasa-ƙasa. Ruwan da ya rage kuma a sake dafa shi har ya zama baƙin dunƙule, wanda ake jima da rini da shi. Akwai ƙabilar Katkari a jihar Maharashtra wadda daga wannan sana'a ta samo sunanta. Katha ake shafawa a ganye tare da farar ƙasa da wani ɗan itace mai tauri, a naɗe, a tauna bayan cin abinci ko a miƙa wa baƙo. Shi ne paan, kuma matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu.

Turawa sun san hajar kafin su san itacen. Likitan nan ɗan Fotugal, Garcia da Orta, ya bayyana ta a littafinsa da aka buga a Goa a 1563. Amma da ta riƙa shiga Turai a ƙarni na 17 ta hannun fataken da ke zuwa gabas mai nisa, sai aka ɗauka wata irin ƙasa ce da ake haƙowa a Jafan, har kundin magungunan Landan na 1721 ya jera ta cikin ƙasashen da ake magani da su. A ƙarni na 19 masana sinadarai suka ware abin da ke cikinta, masu masaƙu suka riƙa rina kaki da ita, masunta kuma suna jiƙa komarsu da filafilan jiragensu a ruwanta don kada su ruɓe.

Daga Misira zuwa Sakkwato

Bagaruwa ita ma tsohuwar hannu ce. Takardun likitancin Misira ta dā, irin su kundin Ebers na wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambaci itacen ƙayar bakin Nilu a haɗe-haɗen magani. A ƙarni na farko bayan haihuwar, Dioscorides, likitan Girka, ya bayyana yadda ake matse ɗanyun ƴaƴanta a busar da ruwan don tsayar da jini da gudawa. Likitocin Musulmi, ciki har da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, sun karɓi wannan magani sun sa shi a littattafansu. Larabawa ƙaraz suke kiran abin jimarsu, kuma ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito daga Uwar Muminai Maimuna, inda aka nuna cewa ruwa da ƙaraz suna tsarkake fatar mushe. Almajirin da ya karanta babin tsarki a zauren malaminsa ya riga ya gamu da dangin bagaruwa ke nan.

A ƙasar Hausa ma an yi rubutun likitanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa ƙananan littattafai da Larabci a kan basir da ciwon ido da amfanin filasko. Sai dai irin wannan rubutu ya fi jingina da abin da magabatan Larabawa suka faɗa, kuma a tsakanin malamai yake yawo. Sanin itatuwan jeji, da lokacin ɗibarsu, da yawan da za a ba yaro ko babba, ya fi zama a bakin masu sana'a, ɗa ya gada wurin uba, ƴa wurin uwa.

Zamanin Damagaram

A ƙarni na 19 ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Waca da Dungas, tare da Magarya da Kance, sun shiga ƙarƙashin Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya dawo gadon sarauta a 1851 ya zauna har 1884, shi ya ɗaukaka Zinder: ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ayarin Ghat da Tarabulus kuma suka mai da Zango masauki. Cikin kayan da raƙuma ke ɗauka zuwa arewa akwai gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, kuma a ƙarshen ƙarnin fatun nan sun zama babbar haja, wasu har Amurka suke kaiwa. Attajirai irin su Malam Yaro da wannan fatauci suka yi suna. Kowace fata a cikin ɗaurin nan sai da ta sha ruwan bagaruwa, saboda haka ƴaƴan da mata da yara ke tsinta a ƙauyukan kudu suna da mai saye.

Aikin jima bai canja sosai ba a Majemar Zinder da ta Kano. Majemi kan jiƙa ɗanyar fata ta yi laushi, ya tsoma ta a ruwan toka ko farar ƙasa har gashin ya saki, ya kankare shi a kan gungume, ya juya ya kankare sauran nama. Daga nan sai ruwan fataka, ko na kashin kaji, don fatar ta saki jiki. Sannan ya daka busassun ƴaƴan bagaruwa a turmi, ya jiƙa garin a kwatarniya, ya tsoma fatar yana cuɗawa yana matsewa, yana sauya ruwan in ya salance, har sai ɓaurin ya ratsa ta ciki da waje. In ya tsame sai ya shafa mai, ya shanya, ya yi ta ja har ta yi taushi. Baduku ya karɓa ya rina ja da karan dafi, ko baƙi da kuloko. Baƙin nan kuwa daga haɗuwar ƙarfe da ɓaurin da ke cikin fatar yake fitowa, kamar yadda malamai ke samun baƙar tawada in suka haɗa ruwan bagaruwa da kashin maƙera.

Abin da ke jeme fata shi ne ke magani. Masana suna kiransa tanin. Aikinsa shi ne ya kama naman da ya taɓa ya ɗaure shi, ya hana shi tsattsafo da ruɓewa. Shi ya sa wanzami ke barbaɗa garin bagaruwa a kan kaciya da miki, ungozoma ke dafa ta mai jego ta zauna a ruwan, mai ciwon haƙori ko zubar jinin dasashi ke kurkure baki da ita, mai atuni da mai basir ke shan jiƙonta, manomin fadama kuma ke shafa ta a tsakanin yatsun ƙafar da ruwa ya ci. In aka ɗora wannan jeri a kan na khadira, baki da maƙogwaro da fata da ciki da rauni, kusan kowane gurbi ya yi daidai. Ba sai wani ya koya wa wani ba. Harshe ya ji ɓauri a wurare biyu, ido kuma ya ga abin da ɓaurin ke yi.

Akwai bambanci guda mai nauyi. Kafin a sami katha sai an kashe itacen, domin a tsakiyar gungumen abin yake. Bagaruwa kuwa kowace shekara takan zubar da ƴaƴanta tana tsaye. Saboda haka amfanin mutanen nan yana cikin barin itace da ransa. Har yau ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan gawo: wanda ya sare shi a bakin ransa, wanda ya datse reshe ba izini a bakin hannunsa.

Turawa da alƙalami

Faransawa sun ci Zinder a 1899. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Ingila a 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta raba Magarya da Daura da Ɓaɓura, ta raba Dungas da Maigatari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara ya mutu, fatu suka juya kudu suka bi teku.

A wannan zamani ne aka fara rubuta sunayen itatuwanmu a jere. Wani likita ɗan Sikotland, John Dalziel, da ya yi aiki a arewacin Najeriya, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Cikin itatuwan da ya rubuta akwai ƙarƙara, wadda ake kira farcen shaho ko kumbar shaho, mai son fadama da ƙasa mai laka. Masana Turai sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin khadiran Afirka. Da aka tantance a tsakiyar ƙarni na 20, sai aka tsaya a kan cewa jinsinta ɗaya da wani itacen Indiya da likitocin Ayurveda ke kira farin khadira, wanda shi ma ake dafa tsakiyarsa. A nan ba a bi ta wannan hanya ba: ƙaronta ake ɗiba, saiwarta kuma ana cewa warinta na korar maciji. Bagaruwa ita ma tana tsirowa a Indiya, inda ake kiranta babul ana asuwaki da ita. Darbejiya kuwa, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro, daga can Turawa suka kawo ta, yau ga ta a ƙofar kusan kowane gida.

Amma alƙalamin da ya rubuta sunan itace shi ne ya rubuta dokar da ta raba shi da mai gona. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ta mai da daji na hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa ta hana taɓa su. Dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu, da gawo da dakwara a cikin jerin. Niyyar ita ce kariya, sai dai abin da ya biyo baya daban ne. Manomin da ya san cewa in gawo ya girma a gonarsa zai iya jawo masa tara ranar da ya sassabe reshe, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Gyaɗa, fari da sassabe

Ƙasar Magarya ta zama cibiyar gyaɗa tun zamanin Turawa, bayan samun ƴancin kai a 1960 kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, malaman gona suna horon a cire kututture don garmar shanu ta wuce. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. A wannan shekara gwamnatin Seyni Kountché ta mai da 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, a shekarar kuma damina ta ƙi. Gwamnatin Buhari ta riga ta rufe iyakar Najeriya tun Afrilu, shi ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Ga mutanen Magarya da Dungas, waɗanda kasuwarsu da ci-raninsu ke kudu da iyaka, abin ya zo goma da ashirin. Itatuwa da yawa sun tafi a gatari don a sayar da icen a sayi hatsi, masu magani kuma suka riƙa yin nisa kafin su sami sassaƙen da a dā ake ɗiba a bayan gari.

Daga wannan ƙunci ne al'amarin ya juya. A jihar Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya fara tun 1983 yana jan hankalin manoma su bar tohon kututture ya tashi, su rage rassa su bar biyu ko uku masu ƙarfi. Shi ake kira sassaben zamani. A kudancin Damagaram kuwa, galibi manoma da kansu suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, suna kewaye ƴan gawon da suka tsiro daga kashin dabbobi maimakon su nome su. Ikon hukuma a kan ƙauye ya yi sauƙi a ƙarshen shekarun 1980, dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 kuma suka ƙara wa mai gona ƙarfin gwiwa. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka binciki gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. Ƙiyasin da aka yi wa kudancin Nijar baki ɗaya ya kai hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

Gawo ya fi kowa cin ribar wannan sauyi, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki ga abincin dabbobi. Bagaruwa inuwarta ba ta yi wa shuka daɗi, don haka a shinge da bakin tafki da makiyaya aka fi barinta. Duk da haka ta samu shiga, kuma ƴaƴanta na nan a faifan masu kayan ƙamshi da magani a kasuwannin yankin, har zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari.

Inda aka kwana

Indiya ta ɗauki tata hanyar har ƙarshe. A 1970 ta yi dokar kafa majalisar kula da karatun likitancin gargajiya, ta fitar da kundin da ya ƙayyade siffa da ingancin kowane magani, khadira a ciki, a 2014 ta buɗe ma'aikatar AYUSH, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar. Rubutu da awo sun kuma tona abin da ke da haɗari. Hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar cewa ɗan itacen da ake taunawa a paan yana jawo sankarar baki. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Limbrel, wani maganin ciwon gaɓɓai mai ɗauke da sinadarin khadira, bayan rahotannin ciwon hanta da na huhu.

Wannan darasi ya shafi bagaruwa. Ɓauri in ya yi yawa yana ɗaure ciki, yana kuma rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci, abin da bai dace da mai ciki ko yaro mai ƙarancin jini ba. Yaron da ke gudawa kuwa, rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi, don haka ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki da ake bayarwa a likita su ne farko, jiƙo ba ya maye gurbinsu. A ɗaya gefen, masu bincike a Sudan sun nuna tun shekarun 1980 cewa ruwan ƴaƴan bagaruwa na kashe ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar da mazauna bakin tafkuna suka sani sarai.

Jima ma ta sauya. Manyan masana'antun fata na Sharaɗa da Calawa a Kano da sinadarin kurom suke aiki, bagaruwa ta koma hannun majeman gargajiya da dukawa. A fannin magani, tawagar Farfesa Édouard Adjanohoun ta tattara tsirran da masu maganin Nijar ke amfani da su a wani littafi na 1980, ma'aikatar lafiya na da sashen maganin gargajiya, ana kuma bikin ranarsa ta Afirka kowace 31 ga Agusta tun 2003. Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar koyon aikin lafiya, kuma tsakaninta da Bande tafiyar ƴan sa'o'i ce ko ƙasa da haka. Manoman Magarya da Dungas sun yi nasu rabin aikin, sun dawo da itacen cikin shekara arba'in ba tare da an dasa musu ba. Rabin da ya rage na masu awo ne da alƙalami: su zauna da wanzamai da ungozomomi, su rubuta abin da suka sani da sunayensu, su gwada shi, su faɗi yawan da ke warkarwa da yawan da ke cutarwa.